Kallo ya koma sama: kada a raina masu sha'awar jirage

A zaman fada na biranen Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, butar shayi tana nan bisa gawayi kamar kullum, amma hira ta ragu, kawuna sun duƙa kan salula. Wasu kokowa suke kallo, wasu ƙwallo, wasu waƙa. Akwai kuma wani rukuni na matasa, ba su da yawa amma sun kafe, waɗanda babu abin da ke ɗauke musu hankali kamar bidiyon jiragen sama, tsofaffi masu farfela da sababbi masu gudun ƙiftawar ido. Manya da dama suna ganin wannan ɓarnar lokaci ce da ɓarnar kuɗi, suna cewa ɗan da ubansa bai mallaki amalanke ba, me ya haɗa shi da jirgi? Wannan hukunci bai yi adalci ba, kuma ƙasa ce za ta yi asara idan aka bi shi.

Mai karatu ya dubi abin da tsofaffin hotunan nan ke koyarwa. Waɗanda suka fara tayar da jirgi mai inji, wa da ƙane ne ƴan Amurka, Wilbur da Orville Wright, kuma sana'arsu gyara da ƙera kekuna ce. Ranar 17 ga Disamba 1903 jirginsu na katako da yadi ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya ci tazarar kusan mita 37, wadda ba ta kai faɗin fikafikan Boeing 747 ba. Shekaru 32 cif bayan haka, a 1935, jirgin DC-3 ya tashi karo na farko, jirgi mai jimiri da ke iya sauka a filin turɓaya, wanda har yanzu akwai ƴan ƙalilan daga cikinsu da ke aiki. A 1969 kuma Concorde da Boeing 747 suka tashi. Yaron da ya jera waɗannan a ransa ya gane abin da allon lakwal ke wahalar fahimtar da shi, wato jirgi ba tsafi ba ne, ba kuma baiwar wata launin fata ba ce. Aikin hannu ne da lissafi, da faɗuwa da sake gwadawa.

Shi ya sa tsohon jirgi ya fi sabo amfani ga mai koyo. Sabon jirgi a rufe yake, sai sheƙi da fenti, kwamfuta ce ke riƙe da sirrinsa. Tsohon kuwa cikinsa a waje yake: ga fistan, ga farfela, ga wayoyin da ke jan wutsiya. Duk ɗan gareji da ya taɓa kwance injin babur zai ga danginsa a nan. Daga kallo tambaya ke fitowa. Me ya sa fiffike ke da doro? Domin ya karkatar da iska ƙasa, matsin iskar da ke samansa ya gaza na ƙarƙashinsa, jirgi ya ɗagu. Me ya sa jirgi ke buƙatar doguwar hanya kafin ya tashi a zafin watan Afrilu? Domin iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da inji ba sa samun abin kamawa sosai. Wanda ya nemi waɗannan amsoshi da kansa ya shiga ajin kimiyya ba tare da bulala ba.

Akwai kuma darasin da ya shafi ƙasashe, ba injuna kaɗai ba. Concorde ya fara ɗaukar fasinja a 1976, har hanyarsa ta farko daga Paris zuwa Rio ta Dakar ta bi, amma tsadarsa da shan mansa suka sa aka jingine shi a 2003. Kyau da gudu ba su isa riƙe kamfani ba. Kamfanin Air Afrique, wanda ƙasashe 11 ciki har da Nijar suka kafa a Yaoundé a 1961, ya yi shekaru yana ɗauke da alfaharin nahiya, sannan bashi da rashin kyakkyawan riƙo suka durƙusar da shi a 2002. A gefe guda kuwa, kamfanin Habasha ya soma zirga-zirga a 1946 da tsofaffin jiragen soja samfurin DC-3 da taimakon wani kamfanin Amurka, TWA, amma tun da wuri ya duƙufa wajen horar da matuƙa da makanikai na gida har suka karɓi ragama. Yau shi ne kan gaba a Afirka. Bambancin ba a jiragen yake ba, domin duka sayo su ake yi. A mutanen da aka koyar yake. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

To, wace ƙasa ce ta fi Nijar buƙatar irin waɗannan mutane? Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, ba ta da gaɓar teku, daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, zuwa Diffa kuwa ya haura 1,300. Maras lafiyar da za a kwaso daga Bilma, feshin fara, jigilar alhazai, kai agaji lokacin da ambaliya ta yanke hanya, duk aikin jirgi ne. Abin mamaki shi ne, makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda ke horar da masu ba jirage umarni da masana yanayi na ƙasashen Afirka masu yawa, a Yamai take tun 1963. Amma ɗalibai nawa ne a lise na Tawa ko Tasawa aka taɓa gaya musu akwai ta, balle a nuna musu hanyar shigarta? A 2015 Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgi a rundunar sojin ƙasar. Ƴan mata nawa aka ba labarinta a aji?

Masu suka ba su rasa gaskiya baki ɗaya ba. Kallo kaɗai ba ya cika ciki, kuma wanda ya kwana yana kallo bai buɗe littafi ba, ya tashi a tutar babu. Yawancin bidiyon jiragen yaƙi na zamani talla ce ta masu sayar da makamai: suna nuna makami yana barin fiffike, ba sa nuna rugar da ya faɗa wa. Ga kuma hotunan ƙarya da kwamfuta ke ƙagawa, waɗanda ake yaɗawa a ce gaskiya ne. Sai dai maganin wannan ba ƙwace salula ba ne. Maganinsa malami ne da zai zauna da yaro ya rarrabe masa tsaki da tsakuwa.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Malaman kimiyya su shigo da bidiyon nan cikin darasi maimakon su kore shi. Gidajen matasa da al'adu su kafa ƙungiyoyin masu ƙera ƙananan jirage da kwali da kara, kamar yadda yara ke ƙera motar langalanga tun fil azal. Masu kula da filayen jirgin Yamai, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Agadas su keɓe rana guda a shekara su karɓi ɗalibai. Mahukunta kuma su riƙa shelar jarrabawar shiga makarantun jirage a rediyo, da harsunan ƙasa, don kada labarin ya tsaya a gidajen manya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan aka bar sha'awar nan ta bushe, yaran za su girma suna ɗaga kai, wasu kuwa na tuƙi.