Ba Inuwar Duniya Ke Rage Wata Ba: Raddi Ga Wani Malami a Kazaure

Wani malamin makaranta a Kazaure, mutum mai ƙoƙari wanda nake ganin girmansa, yana koyar da cewa inuwar duniya ce ke rufe wata, sai ta riƙa janyewa kaɗan-kaɗan har ya cika. Maganar ta bi ɗalibai har Roni da Gwiwa. Malam, da izininka, wannan kuskure ne, ga kuma hujjojina.

Na farko, inuwa kullum bayan abu take faɗuwa, nesa da haske. Ranar tsayuwar wata, a ina mutanen Babura ke neman jinjiri bayan magariba? A yamma, dab da inda rana ta faɗi. A lokacin nan inuwar duniya ta miƙe gabas. Ta yaya abin da ke gabas zai rufe abin da ke yamma? Wannan kaɗai ya isa.

Na biyu, siffa. Inuwar duniya zagayayya ce, amma a dare na 7 iyakar haske da duhu a jikin wata miƙaƙƙiya ce. Zagayayyen abu ba ya yanka miƙaƙƙen layi.

Ka kafa hujja da husufi, ka ce ai ga shi inuwar duniya na kama wata. Gaskiya ne, amma hujjar taka a kanka ta dawo. Husufin wata ba ya faruwa sai wata ya cika, kuma sa'o'i kaɗan yake yi. Na ranar 27 ga Yuli, 2018, wanda aka gani a Najeriya, a tsakiyar Zulƙida ya auku, cikar duhunsa awa 1 da minti 43. Na rana kuwa sai ƙarshen wata, kamar na 29 ga Maris, 2006, ƙarshen Safar, da ya mai da hantsi dare a Gusau da Katsina. Ibn Taimiyya ya tabbatar da wannan ƙa'ida tun tuni. Abin da ya hana husufi zuwa kowane wata shi ne hanyar wata ta karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar da duniya ke kewaya rana.

To mene ne dalilin raguwar wata da cikarsa? Wata ba shi da hasken kansa. Rana na haska rabinsa kullum, shi kuma yana kewaya duniya, sai abin da muke hangowa daga rabin nan ya riƙa sauyawa. Ka kunna fitila a ɗaki mai duhu, ka miƙa hannu riƙe da lemo, ka juya a hankali: za ka ga jinjiri, ka ga rabi, ka ga cika. Zagayen daga jinjiri zuwa jinjiri na ɗaukar kwana 29 da rabi, shi ya sa watanninmu ke zuwa 29 ko 30. Albiruni ya zana wannan a littafinsa Attafhim shekara kusan 1,000 da ta wuce.

Abin da ya sa na damu, azuminmu da sallarmu a kan ganin wata suka rataya, kuma shaidar da hakimai ke kai wa fadar Kazaure har gaban Sarkin Musulmi take zuwa. Wanda ya san cewa gefen jinjiri mai haske kullum wajen rana yake fuskanta ba zai karɓi shaidar da ta saɓa wa haka ba. Malam, don Allah ka gyara wa ɗalibanka kafin Sha'aban.