FATA TAMU, SUNA NASU

Ya ku 'yan'uwa na rassan Dakoro da Kornaka da Sabon Mashi, a karanta wannan takarda a taron mako, kowa ya ji da kunnensa.

A shekarar 1947 Nasara ya kafa bariki a Dakoro. A wannan shekara kuma wani tela mai suna Christian Dior ya fito da sabon ɗinki a birnin Paris, matan masu kuɗi suka yi caa a kansa. Dokar adonsu ita ce in mace za ta bikin dare, sai takalminta da jakarta da safar hannunta sun dace da rigarta. Daga 1953 zuwa 1963 wani gwani, Roger Vivier, shi ke tsara wa gidan Dior takalma, irin ƙwas-ƙwas ɗin nan masu dunduniya kamar tsinke, wasu har da duwatsu masu ƙyalli.

To, ina ruwanmu da rawar Paris? Da ruwanmu. Safar hannu da takalmin alfarma suna son fata mai laushi, marar kauri, wadda ba ta saurin yagewa. Fatar jar akuyar Maradi da 'yar'uwarta ta Sakkwato suna cikin waɗanda masu wannan sana'a suka fi nema a duniya. Mata ke kiwon akuyar a bayan ɗaki. A wancan zamani, mahauci ya feɗe, dillali ya saya da arha, a ɗaure ta ɗanya a bi da ita Kano, jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku. Can a jeme, a rina, a ɗinka, a buga mata sunan wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Abin ya daɗe. Tun zamanin fatake, jar fatar ƙasar Hausa ke ƙetare hamada a kan raƙuma, Turawa su saye ta a gaɓar arewa, su ce mata fatar Maroko. Ko sunanmu ba su bar mana ba.

Mun sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960. A 1963 aka buɗe cibiyar kiwon jar akuya a Maradi. Daga baya aka gina masana'antar jima ta SONITAN, ta yi zamaninta, aka rufe. Wannan kuma laifin wa? Nasara ya riga ya tafi. Mu duba gidanmu.

Masu cewa ba mu iya ba, su je rumfar dukawa su zauna. Wanda ya jeme fata da bagaruwa, ya rina ta da karan dafi, ya ɗinka kube da jaka da kayan doki, takalmin mace ne zai gagare shi? Jari ya rasa, da masu saye.

Ga aikin kowane reshe. Na ɗaya, a yi wa mahauta magana su kula da wuƙa, don huda guda tana karya kuɗin fata. Na biyu, a shanya fata a inuwa, kada a yar da ita a rana bisa ƙasa. Na uku, masu fata su haɗa kayansu su sayar da baki ɗaya, dillali ya daina yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Na huɗu, duk mai aurar da 'ya, ya sa takalmi da jakar hannun baduku na garinsu cikin kayan amarya.

Sakataren kowane reshe ya aiko mana da adadin majema da dukawan garinsu kafin ƙarshen wata. Allah ya taimaki talaka.