Nauyin Likitan Yara a Yankin Rumbu

Zuwa ga Edita,

Aikin likitan yara a Rumbu, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maradi, yakan tsananta ne da damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, tamowa kuma ta haɗu da zazzaɓin cizon sauro. Ana auna damtsen yaro da tef ɗin awo mai launi. Idan awon ya gaza milimita 115, tamowar ta yi tsanani. Mai iya ci ana ba shi abincin maganin tamowa mai suna Plumpy'Nut ya sha a gida, wanda ya galabaita kuwa sai asibitin Dakoro.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta mayar da jinyar 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma kuɗin mota da nisan hanya har yau kan iyaye suke. Nan ya kamata hukuma ta duba.

Wani mai karatu, Rumbu