Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Magana a Kan 'Ya'yanmu da ke Ingila



Da wuya a sami lungu a Nima ko a Zangon Kumasi wanda babu ɗansa ko 'yarsa a Ingila. Da yawansu kuwa sun shiga ne da bizar rakiya, watau mace ta bi mijinta, ko miji ya bi matarsa mai karatu ko mai aikin jinya. Ra'ayinmu shi ne, duk wanda ya sami halin komawa kan bizar ƙwararren ma'aikaci, mai tsayawa da sunansa shi kaɗai, ya yi haka tun da wuri, mu kuma na gida mu taimake shi.

Mu da muke aikin akawu mun san halin takarda: ba ta san kunya ba, ba ta san surukuta ba. Bizar rakiya a rataye take ga mai asalin biza. In karatunsa ya ƙare, ko lasisin kamfaninsa ya mutu, ko kuwa aure ya rabu, ta mai rakiya ma ta faɗi, galibi kwana 60 ake ba mutum ya sami wata hanya ko ya fita ƙasar. Dattawanmu ba su manta da Nuwamba 1969 ba, sa'ad da Gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Mutanen da suka shekara talatin a nan suka sayar da kayansu a wulaƙance. Bai kamata a sake koya mana wannan karatu ba.

Ƙofar kuwa kullum ƙara tsukewa take yi. Daga Janairu 2024 aka hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, a Maris aka hana masu aikin kula da tsofaffi. A Afrilu 2024 aka ɗaga albashin da ake bukata don bizar ma'aikaci daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara, sa'an nan a Yuli 2025 aka mai da shi fam 41,700, aka kuma ce yawancin ayyukan sai masu darajar digiri. Akwai sassauci ga waɗansu ayyukan asibiti da koyarwa, da matasa masu fara aiki. Wanda ya jinkirta bara ya tarar da tudu bana.

Ga yadda abin yake. Mai rakiya yana iya neman canjin yana cikin Ingila, muddin bizarsa ba ta ƙare ba. Sai ya sami aiki a wurin da ke da lasisi daga Ofishin Harkokin Cikin Gida, su ba shi shaidar ɗaukar nauyi, ya kuma nuna yana jin Turanci.

Waɗansu za su ce mana, ai mai rakiya ya fi sakewa. Gaskiyarsu. Shi yana iya aiki kusan ko'ina, amma mai bizar ma'aikaci a ɗaure yake ga ubangida ɗaya, in zai sake wuri sai ya sake takarda. Har wa yau, shekarun da mutum ya yi yana rakiya ba sa shiga lissafin shekara 5 na neman zama na dindindin a sabuwar bizar, sai ya fara daga ɗaya. A 2025 ma Gwamnatin Ingila ta bayyana niyyar tsawaita wannan wa'adi zuwa shekara 10. Saboda haka wanda ya kusa cika nasa a bayan ma'aikaci mai tsayayyen aiki, ya yi lissafi tukuna. Amma mai rakiyar ɗalibi, da wanda aikin abokin zamansa ke rawa, ba su da abin jira. Gida mai biza biyu, in ɗaya ta tsinke, sau da yawa ɗayar takan riƙe iyali.

Sauran gargaɗi uku. Na ɗaya, kada kowa ya sayi shaidar ɗaukar nauyi wajen dillali. Dokar can ta hana sayar da ita, wanda ya saya kuwa yakan rasa kuɗin, ya rasa aikin. Na biyu, maigidan da ya hana matarsa neman tata biza don gudun raini, ya sani kansa ya cuta. Na uku namu ne, iyaye da 'yan'uwa. Kuɗin biza da na asibiti, wanda ya kai fam 1,035 a kowace shekara tun 2024, a dunƙule ake biyansu tun farko. Mu sassauta musu aiken kuɗin suna da na biki har su tsaya da ƙafarsu.

Allah Ya tsare mana su a baƙunci, Ya ba su sa'a. Amin.