Malamin Hausa da Haƙƙin Wanda Ake Gwajin Magani a Kansa

Ra'ayina shi ne, ya kamata jami'o'inmu da kwalejojin ilimi su riƙa shirya wa ɗalibai zaman karatu a lokacin dogon hutu a kan ƙa'idojin binciken likitanci. Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan malamin Hausa da aikin likitoci? Amsar tana cikin tarihinmu.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewacin Nijeriya. A lokacin ne kamfanin Pfizer na Amurka ya gudanar da gwajin sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin kuwa ya musanta, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. A 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Amma kuɗi ba su mayar da amana. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, wannan lamari yana cikin hujjojin da jama'a suka riƙa kawowa.

Ba ƙa'idoji aka rasa ba. Tun 1947 Ƙa'idar Nurembag ta wajabta neman yardar mutum kafin a yi gwaji a kansa, Sanarwar Helsinki ta 1964 kuma ta ƙarfafa hakan. Matsalar ita ce harshe. Yarda ba ta inganta sai da fahimta. Ga Bahaushe, "magani" abu ne da aka san yana warkarwa, "gwaji" kuwa abu ne da ba a san ƙarshensa ba. Tafintan da ya musanya ɗaya da ɗaya ya raba uba da haƙƙinsa na cewa a'a.

A gari irin Amarawa ta ƙasar Illela, a bakin iyaka da Ƙonni, idan takardar Turanci ko Faransanci ta zo, wa ake kai wa ya karanta? Sau da yawa malamin makaranta. Don haka zaman karatun da nake kira a yi ya ƙunshi nazarin shari'ar Kano, da aikin fassara takardar neman yarda zuwa Hausa tsantsa. Ɗalibi ya iya tambaya: Mene ne haɗarin? Akwai wani maganin? Zan iya janye ɗana?

Ba ƙin bincike nake kira a yi ba, domin ba don shi ba da babu allurar sanƙarau. Manufa ita ce a samu malaman da za su tsaya tsakanin mai bincike da talaka da gaskiya.