Fada ko Faɗa: Wane Harshen Sabar Ya Fi Kiyaye Rubutun Hausa?

A garin Mora, hedikwatar Mayo-Sava a yankin Arewa Mai Nisa na ƙasar Kamaru, akwai fadar Sarkin Mandara. Idan wani ya rubuta a shafin intanet cewa jama'a sun taru wajen faɗa, sai na'ura ta haɗiye 'yar ƙugiyar da ke kan harafin ɗ, to labari ya sauya: mutanen da suka je kallon dambarwa sun koma masu kai gaisuwa ga sarki. Haka baƙi ke komawa baki, ƙafa ta koma kafa. Ɗalibin Hausa ya san wannan tun daga ajin farko. Abin da bai cika sani ba shi ne cewa sau da yawa laifin na manhajar da ke aiki a sabar ne, wato kwamfutar nesa da ke karɓar rubutu, ta adana shi, ta mayar wa mai karatu.

Masu gina shafuka sun saba kwatanta harsunan sabar ta fuskar sauri da yawan guraben aiki. Ga wanda zai gina shafin ƙamus, ko taskar karin magana, ko jaridar gari cikin Hausa, wannan ma'auni bai wadatar ba. Tambayar farko ita ce yadda harshen ke ɗaukar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A arewacin Kamaru batun ya wuce Hausa, domin Fulatanci, wanda shi ne harshen kasuwa daga Ngaundere zuwa Garwa da Marwa, yana amfani da ɓ da ɗ da ƴ, kuma tsarin haruffan harsunan Kamaru na 1979 ya tanadi irin waɗannan haruffa.

PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, shi ne ya fi kowa laifi a tarihi. A tsarin UTF-8 kowane ɗaya daga cikin haruffan nan huɗu yana cin bayit biyu, alhali k ko d na cin ɗaya. Umarnin strlen na PHP bayit yake ƙirgawa, don haka a wurinsa kalmar "ƙasa" haruffa biyar ce. Umarnin strtoupper kuwa zai mayar da ita "ƙASA", ya bar harafin farko a ƙarami domin bai gane shi ba. Mafi muni shi ne substr, wanda kan yanka harafi biyu a tsakiya idan ana taƙaita kanun labari, ya bar wata alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u. Masu kula da harshen sun yi yunƙurin gyara wannan daga tushe a PHP 6, aikin ya gagara, aka watsar da shi a 2010, aka tsallaka zuwa PHP 7 a 2015. Maganin da ya rage shi ne wasu umarnai na dabam masu farawa da mb_, irin su mb_strlen da mb_strtoupper, waɗanda ke aiki daidai muddin mai rubutu bai manta da su ba.

Akwai kuma rikicin alamar ɗauri ta "jama'a" da "'ya'ya". A harshen tambayar rumbun bayanai wannan alama ce ke rufe zance, saboda haka shafin da aka gina da sakaci yakan rushe da zarar an shigar da sunan Sa'adatu ko Mu'azu. Tsohon PHP ya yi ƙoƙarin kare kansa ta hanyar cusa karkatacciyar sanda kafin alamar, har aka riƙa ganin "jama\'a" a shafuka, kafin a cire wannan dabara a 2012. Ramin da sunan Mu'azu ke faɗawa shi ne dai ramin da masu kutse ke bi su sace bayanai, don haka wanda ya gyara shi domin Hausa ya toshe ƙofar ɓarawo a lokaci guda.

Python, na Guido van Rossum, ya rabu da matsalar ƙirga tun fitowar Python 3 a 2008. A can "ƙasa" haruffa huɗu ce, babban harafinta Ƙ ne, babu wata dabara da ake buƙata. Ga mai nazarin harshe da ke son ƙirga kalmomin wani littafi ko ware jam'i daga tilo, babu kamarsa. Amma a ba shi jerin kalmomi ya tsara bisa abacada, sai ya jefa "ƙasa" da "ɓera" can bayan "zuma", domin lambar da Unicode ya ba su ta fi ta z girma. Sai an ɗora masa ƙarin kayan aiki kafin ya san cewa ƙ na bin k ne. Abin mamaki, Node.js da Ryan Dahl ya ƙirƙira a 2009 shi ne ya zo da wannan ilimi a cikinsa: tun daga fitowa ta 13 a 2019, ana iya ce masa ya jera bisa ƙa'idar Hausa ya kuma yi. PHP ma na iya yi, idan kamfanin da ke ba da hayar sabar ya kunna sashen intl.

Da a kan haruffa kaɗai za a yanke hukunci, da PHP ya zo na ƙarshe. Sai dai matashin da ke Mora, ko ɗalibin Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008, ko na Jami'ar Garwa ta 2022, yana aiki ne cikin wani yanayi na musamman. Wutar arewacin ƙasar ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya da rani ana rabon wuta. Data kuwa da kuɗi ake saye. Ƙaramin aikin Node.js kan buƙaci sauke ɗaruruwan ƙananan manhajoji kafin a rubuta layi ɗaya, kuma shi da Python sukan nemi sabar da mutum zai riƙa kula da ita da kansa. PHP kuwa ana samun sa a hayar sabar mafi araha, ana iya gwada shi a kwamfutar cinya ba tare da intanet ba, a tura fayil idan layi ya dawo. WordPress da shi aka gina, haka ma MediaWiki da ke ɗauke da Wikipedia ta Hausa, wadda ke nuna ƙ da ɗ lafiya lau. Wannan kaɗai shaida ce cewa aibin PHP na jin magani.

Saboda haka zaɓin da ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi a wannan yanki shi ne PHP domin shafi, Python domin nazarin matani, da sharaɗin a riƙe umarnan mb_, a kuma saita rumbun MySQL a kan utf8mb4. Wannan sharaɗi na biyu ya fi zaɓen harshe nauyi. Kafin fitowa ta 8.0 a 2018, MySQL kan fara ne da tsarin latin1 na harsunan yammacin Turai, wanda ya san é da ç na Faransanci amma bai san ƙ ba. Injiniyan da ya yi karatu da Faransanci zai gwada shafinsa da "é", ya ga komai daidai, ya miƙa aiki. Sai daga baya mai shafin ya tarar "ɗaki" ya zama "?aki", "ƙasa" ta zama "?asa".

Ɗalibin Hausa da zai ba wani kwangilar shafi ba ya buƙatar sanin ko layi ɗaya na PHP kafin ya kare kansa. Ya shigar da kalmomi biyar kafin ya biya kuɗi: ƙasa, ɗaki, ɓera, 'ya'ya da jama'a. Ya nemi a nuna masa su da manyan haruffa, a jera su bisa abacada, sannan ya rubuta "faɗa" a akwatin bincike ya duba ko fadar Sarkin Mandara za ta fito.