Wayar intanet ta bi ta ƙofarmu, mu kuwa muna hawa tudu neman rezo

'Yan uwa mazauna bakin iyaka, daga Banyo zuwa Mora, Fotokol da Kusuri.

Kowa ya san tudu ko bishiyar da ake hawa a ƙauyensu in ana son kira ya shiga. Mai albasa yana son jin farashin Mubi kafin ya loda mota, rezo ya ɗauke. Uwa tana jiran kuɗin magani daga ɗanta da ke Duwala, saƙo ya maƙale. Ɗalibi sai ya biya kuɗin babur zuwa gari don ya duba sakamakon jarrabawa. Da yawanmu mun ajiye sim na Najeriya ko na Cadi, domin shi ya fi kamawa a cikin ɗakunanmu.

Kada wani ya ce muku Kamaru ba ta da hali. A 2018 an ja waya ta ƙarƙashin teku daga Kiribi har Brazil, kusan kilomita 6,000. Babbar wayar intanet ta ƙasa ta ratsa arewa har Kusuri, har Cadi tana samun intanet ta hanyarmu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wanda ya iya haye teku, mene ne ya hana shi kai waya ƙauyen da ke gefen titi?

Doka ta ɗora wa kamfanonin waya zuba kashi 3 cikin 100 na cinikinsu na shekara a asusu na musamman, don a kai sadarwa inda riba ba ta kai su. Kuɗin nan daga kredinmu ya fito. Tun 2022 kuma ana cire haraji duk lokacin da muka tura kuɗi ta waya. Wajen karɓa ba a manta da mu, sai wajen rabo.

Mu kuma tuna 2017, lokacin da gwamnati ta katse intanet a yankuna biyu masu magana da Ingilishi har wata uku. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga alkawarin jam'iyyarmu:

Za a buga lissafin asusun nan kowace shekara, kowa ya ga abin da ya shiga da inda ya tafi.

Za a fara kafa eriya mai aiki da hasken rana a garuruwan iyaka, a haɗa asibitoci, makarantu da kasuwanni.

Za a buɗe harkar babbar waya, wadda ke hannun Camtel kaɗai, domin gasa ta sauko da farashi.

Za a kafa doka da za ta hana katse wa jama'a intanet saboda siyasa.

Masu mulki suna kan kujera tun 1982. Abin da ba su yi ba a shekara fiye da 40, ba gobe za su yi shi ba. Ka nemo katin zaɓenka, ki nemo naki. Ranar zaɓe mu fito da sassafe, mu jefa wa canji ƙuri'a, mu tsaya har a ƙirga.

Allah Ya ba mu sa'a.